Makullan Ɗakin Famfo

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana kula da famfunan benen da muke zaune, hawa biyar, gida ashirin. Mai Famfo kowa ke ce masa, mu kuma 'ya'yan Mai Famfo. Ɗakuna biyun da ke ƙarƙashin matakala aikin ne ya ba mu su, a nan aka haife ni. Baba akwai surutun tsiya. In ya shiga gidanka gyaran famfon wanka, sai ka sha tarihin bututun, da na wanda ya sa shi, da laifin matarka da ke zuba mai a magudana.

Bara, wata rana da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi da sifana a hannu. Bayan sati uku ya miƙe yana jan ƙafar dama, hannun dama ma ba ƙarfi, magana kuwa ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "yauwa", ita yake faɗi ko yana murna ko ransa ya ɓaci. Likitar da ta duba shi ta ja ni gefe ta ce, "Akwai wurin da ke kula da magana a ƙwaƙwalwa, nan ne ya taɓu. Hankalinsa yana nan. Kada ki bari a mayar da shi yaro."

Ai kuwa an mayar da shi. Maƙwabta su zo dubiya suna ɗaga murya kamar kurma ne. Manajan benen, wanda Baba ya girme shi da shekara ashirin, ya tsaya a gabansa ya tambaye ni, "Yana gane mutane kuwa?" Sannan ya karɓe makullan ɗakin famfo, ya ce ƙarshen wata mu nemi wani wurin zama. Na ji kamar in shaƙe shi. Baba ya sunkuyar da kai.

Saura kwana tara wa'adin ya cika, bangon hawan ƙasa ya fara jiƙewa, fenti yana ɓarewa. Manaja ya ɗauko masu gyara daga wani kamfani, da jakunkuna masu kyau. Kwana biyu suka fasa bango biyu, ba su ga komai ba sai ƙura. Rana ta uku suka ce matakala za su fasa.

Baba yana zaune a ƙofa yana kallonsu. Sai ya dogara sandarsa ya tashi, ya je ya miƙa wa Manaja hannun hagu.

"Me yake so?" Manaja ya tambaye ni.

"Ga shi nan a gabanka, ranka ya daɗe. Makullai yake so."

Don kunyar mutane ya ba shi. Baba ya yi mini nuni da hannu, ya murɗa iska, ya nuna sama. Na bi gida-gida na ce kowa ya rufe famfonsa. Da na sauko, ya buɗe ɗakin famfo, ya haska mitar ruwa ya nuna wa masu gyaran: ba mai amfani da ruwa, amma allurar tana juyawa. Ya rufe makunnin ruwan hawa na ɗaya, tana juyawa. Na biyu, tana juyawa. Ya rufe na uku, ta tsaya cak.

Babban masu gyaran ya ce, "To amma Baba, ai a ƙasa ruwan yake fitowa."

Baba ya harare shi irin hararar da muka sha muna yara. Ya karɓi biro, da hannun hagu ya zana bututu a bayan kwali, layi a karkace amma a fili: a hawa na uku bututun ya kauce wa ginshiƙi, ya bi ta bayan kicin, ruwan yana gangarowa ta cikin bango. Ya sake buɗe makunnin hawa na uku. Minti ashirin muka yi kafin mu kai shi sama, ina riƙe da kafaɗarsa. Ya kafa dogon sukundireba a bangon kicin ɗin wani gida, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya matsa taku biyu, ya sake saurare. Sannan ya zana da'irar da ba ta fi faɗin faranti ba.

Bugu huɗu suka yi, ruwa ya feso wa babban nasu a fuska. Matar gidan ta rangaɗa guɗa. Ni kuka na fashe da shi, don daɗi ya yi mini yawa.

Da muka sauko Baba ya miƙa wa Manaja makullan. Manaja bai dube ni ba. Ya dubi Baba ne ya yi masa magana, kuma bai ɗaga murya ba.

"Riƙe abinka, Mai Famfo. Gobe in ka samu sarari, famfon hawa na biyar ma yana ɗiga."

Baba ya jefa makullan a aljihun hagu, ya ce, "Yauwa."