Atamfata a Cikin 'Yar Tsanar Madam Rozalin

Kafin a fara kirana ɓarauniya a Morris Heights, tela ake kirana. A zangon Kumasi na koyi ɗinki wurin gwaggona, kuma har na sauka filin jirgin JFK a Amurka a ƙarshen shekarun tamanin ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ku yaran da kuka tashi a nan, kuna jin Hausa kuna amsawa da Turanci, ku sa a karanta muku wannan. Ba tausayi nake nema ba. Na gaji ne da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin.

Aikin da na samu shi ne kula da wata tsohuwa a Flatbush, Madam Rozalin. Ba ɗa ba jika, sai 'yan tsana masu kawunan tangaran cike da kabad na gilashi, wasu sun girmi kakarta. Duk Laraba ƙawayenta kan zo shan shayi, su yi ta musu a kan gashi da idanun 'yan tsana, in sun gaji su koma kan littattafan binciken kisa da suke karantawa. Wadda ta fi su baki ita ce Madam Odil, 'yar Haiti, tsohuwar malamar makaranta. Kullum sai ta ce tun tsakiyar littafi ta gano mai kisan.

Da ƙaramin abu na fara. Madam ta ba ni rigar wata 'yar tsana in gyara, leshinta ya ba ni sha'awa, na yanke kaɗan na ɓoye. Ba ta lura ba, idonta ya yi rauni. Sai na kai hular wata 'yar tsana kasuwar tsofaffin kaya, na ga irin kuɗin da mai sayen ya biya ba ko ciniki. Daga nan na riƙa sayen sababbin kawuna masu arha, in ɗinka jiki, in jiƙa rigar a ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa, in ajiye tawa a kabad, in fita da ta gasken a jaka. Nakan ce wa kaina ai tsohuwa ba ta rasa komai ba, tunda har yanzu tana gaishe su da sunayensu.

Ta ƙarshe da na musanya ita ce wadda ta fi so, mai shuɗiyar riga. Audugar cusawa ta ƙare mini, na cika cikin ta jabun da ƙyallayen atamfata. Da safe na sa ta a kabad, na ba Madam maganinta, na tafi cefane. Da na dawo na tarar da ita a ƙasan matakala, ba rai. Kabad a buɗe, mai shuɗiyar riga babu.

'Yan sanda suka tsare ni da tambaya, suka sake ni don ba hujja, amma ido na kaina. Akwai wani dillali, Mista Felton, da ya daɗe yana neman a sayar masa da 'yar tsanar nan Madam tana ƙi. Shi ya ce musu ya yi watanni bai taka gidan ba.

Wata rana sai ga Madam Odil har ɗakin da nake zaune da yayata Ramatu, da kek a hannunta. Ta ce ta je bikin baje kolin 'yan tsana, ta ga Mista Felton ya fito da mai shuɗiyar riga daga ƙarƙashin teburi yana nuna wa wani.

"Ya ce tasa ce tun da daɗewa," in ji ta. "Sai na ɗaga rigar. Ɗinkin nan na san shi, irinsa ne a bakin siket ɗin da kika gyara mini."

Ta ajiye kek ɗin, ta ci gaba.

"Ban zo faɗa ba. Wadda ta ɗinka ta jabu ba za ta kashe mutum don ta sace ta ba. Amma ke kaɗai kika san lokacin da ta shiga kabad."

Tana fita Yaya Ramatu ta rufe ƙofa. "Ki kama bakinki. Mai rai ake ji wa tsoro. In kin yi magana kurkuku za ki."

Na ce, "Yaya, ni nake yi wa matar nan wanka, ni nake taje mata kai. Na cuce ta, na sani. Amma wanda ya tura ta ba zai ci gaba da yawo da kwat a garin nan don in tsira ba."

Ban tafi nan take ba, sai da tsoro ya juya ni sosai. Daga baya na ɗauki ta gasken daga ƙarƙashin gado, da sauran atamfar, na kai kaina wurin 'yan sanda. Aka karɓo wadda ke hannun Mista Felton aka farke cikinta, ƙyallayena suka zubo a kan teburi. A kotu lauyansa ya nuna ni ya ce wa zai yarda da ɓarauniya. Na ce, "Ɓarauniya ce ni, shi ya sa na san da safen ranar na sa ta a kabad. Ka tambayi mutuminka yadda ta fita." A ƙarshe Mista Felton ya amsa laifinsa: ya ɗauki 'yar tsanar, Madam ta riƙe masa riga a saman matakala, ya hankaɗe ta.

Ni ma aka ɗaure ni, kuma daidai ne. Yawancin 'yan tsanan da na sayar ba a same su ba har yau. Na tuba ga Allah, na fito, na koma kan kekena na ɗinki.

Da yawanku za ku yi aiki a gidajen tsofaffi, inda ba idon kowa sai naku, a ba ku makulli a ba ku amana. Kada ku taɓa komai, kuma kada ku ce ai ba za su gane ba. Wannan maganar ce ta kai ni kurkuku.

Har yanzu in na shiga gidan suna wasu mata kan jawo jakunkunansu kusa. Kwanan baya na ce wa wata, "Hajiya, saki jakarki ki ci abinci. Abin da na ɗauka na faɗe shi a gaban alƙali, na biya da shekaruna. Wanda ban yi ba kuwa, ba mai ɗora mini."