Saniyar da Ta Yi Tsiro a Bayan Randa

Bari in faɗi gaskiya tun da fari: ni ne yaron da ya dubi irin albasa ya ɗauka kashin ɓera ne. Wata Asabar ce a ƙarshen damina, ina aji huɗu na firamare. Mun cika shagon wani tela a layinmu na Bodinga, yara sun fi dubu idan ka biye wa lissafina, muna kallon shirin yara a talabijin. Wata Anti mai murmushi kamar an biya ta kuɗin haƙora ke haɗa abubuwa da tarkacen gida. Dama ban yarda da ita ba, domin kullum sai ta fara aiki ya karkace, ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ciro wani kammalalle ta ce ga shi ta gama. Ranar ta manna ƙwayoyin wake a kwali, suka zama tsuntsu. Ta ce mu ma mu nemo abin da ba a amfani da shi a gida.

Matsalar ita ce gidanmu babu abin da ba a amfani da shi. Gwangwani na awon gishiri ne, tsohon buhu shimfiɗar akuya ne, ko murfin kwalba yana da mai shi. Na yi ta bincike har na hau turmi a ɗakin Kaka, na lalubo wani gwangwanin madara mai tsatsa, cike da baƙaƙen ƙwayoyi. Na ce lallai ɓerayen Kaka masu tsafta ne. Na jiƙa ƙaro, na shafe kwalin sabulu, na manna su kaf, na fitar da baƙar saniya mai ƙaho ɗaya da ƙafa biyar. Na ɓoye ta a bayan randa kafin in kai makaranta.

Kwana biyu da haka Baba ya gyara fangali zai yayyafa iri, aka sauko da gwangwani fayau. Irin nan ba na kasuwa ba ne, tun marigayi kakanmu ake juya shi shekara bayan shekara. Nan take Kaka ta zama ɗan sanda. Ta duba bakin kaji, ta shinshina hannun ƙanwata Hauwa, ta harari maƙwabci ta kan katanga. Ni kuwa, da yake mijinta ne na wasa, sai ta ce, "Kai dai angona, ragonci ba shi barin ka hawa turmi." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Kaka ta tuna cewa Kawu Sani, ƙanen Inna da ke Mandera, ya zo a makon, ya roƙi irin aka hana shi, kuma ya shiga ɗakinta gaisuwa. "Wa anka gani ciki in ba shi ba?" in ji ta. Baba kuwa ya daina ambaton sunan Kawu. Inna ta riƙa tuƙa tuwo tana share ido, tana cewa hayaƙi ne. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido, ni kuma na ƙaurace wa randa, na koma shan ruwa a maƙwabta. Sau uku ina buɗe baki in faɗa, sau uku ina tuna dorinar Baba in rufe.

Randa ce ta tona ni. Damshinta ya ratsa kwalin, bayan mako guda Hauwa ta je ɗiban ruwa ta ƙwalla ihu: "Inna, saniya ta yi gashi kore!" Aka jawo ta tsakar gida, ga tsiron albasa tun daga ƙaho har wutsiya. A ƙasa kuma, da yake Anti ta ce mai fasaha ba ya barin aikinsa ba suna, ga sunana BELLO da manyan baƙaƙe. Kaka ta dube ni ta ce, "Na sake ka, saki ukku." Inna ba ta dake ni ba. Ta ce kawai, "Kana ji ana kiran ɗan'uwana ɓarawo, kana cin tuwona?" Da ma dukan ta yi.

Yanzu ƙannena a waya suke kallon irin shirin, kowa a lungunsa, shagon tela ba mai cika shi. Wani lokaci nakan yi kewar cunkoson nan. Ranar da asirina ya tonu dai, Baba ya shimfiɗa kwalin a fangali yadda yake, ya rufe da ƙasa, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Washegari ya goya ni a babur har Mandera, na durƙusa gaban Kawu na faɗi komai da bakina. Da aka cire iri a shekarar, gwangwanin farko Kawu Sani aka kai wa.