Wa Zai Fitar da Siniyya?

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na firamare a Umdurman, malamar Ingilishi ta rubuta mana kalmomi huɗu a allo: suggest, recommend, advise, warn. Ta ce dukansu na ba da shawara ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Ta farko ra'ayi ne kawai, ka ɗauka ko ka bari. Ta biyu, mutum ya gwada abu ya ji daɗinsa, yana yaba maka shi. Ta uku ta wanda ya fi ka sani ce, kamar likita. Ta ƙarshe kuwa kashedi ne, akwai haɗari a gaba. Ta ce kowacce ta kasa kunne a gida, ta zo da misali.

A gidanmu ban sha wahalar nema ba. A kwanakin ne yayana ya ce zai bar tuƙin raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya bi abokansa arewa haƙar zinariya. Tun rasuwar mahaifinmu shi kaɗai ne namiji a gidan, kuma akwai saurayin unguwarmu da rami ya rufta da shi a can.

Ni ba mai magana ba ce. Sai in zauna a bakin ƙofar kicin ina tsintar shinkafa, ina saurare. Kawunmu ya taso takanas daga unguwar Mayo, ko ruwa bai sha ba ya fara: "Ya walad, kai yaro, ramin nan ba ya dawo da mutum. Na dai faɗa maka." A raina na ce, ga warn. Maƙwabcinmu mai aiki a wani gareji a Bahri ya ce, "Ka zo wajenmu, maigidan mutumin kirki ne, na daɗe tare da shi." Na ce ga recommend. Liman ma ya yi tasa nasihar. Kowa ya gama, yayana ya ce "to," ya sunkuyar da kai. Amma sabon takalmin da ya saya don tafiyar yana nan ƙarƙashin gado, kullum sai ya goge shi.

Saura habboba, wato kakarmu. Sai wata la'asar tana soya gahawa, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Ni ban hana ka ba, ɗan nan. Azumi dai ya ƙarato. In maza suka shimfiɗa tabarma a titi za a sha ruwa, kowane gida ya fito da siniyyarsa ta abinci, tiren namu wa zai fitar? Ko za ka bari sai bayan Salla?"

Ya kalli garwashin da take suya a kai. "Sai bayan Salla, habboba."

Washegari malama ta tambaya wace kalma ta fi ƙarfi. Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba, ranar na ɗaga, na ce suggest. Aji ya kwashe da dariya. Malama ta yi murmushi ta ce, "Ya bitti, 'yata, kin kifa su ne." Na zauna. Bayanin yana bakina, ya ƙi fita.

Bayan Salla, habboba ta tambaya wa zai riƙe ragon layya. Kafin layya ta zo, abokan sun tafi, shi kuma ya fara leƙa garejin Bahri, wai don kada ya zauna haka nan.

Yanzu na san malama ce da gaskiya, kuma a jarrabawa yadda ta koya mana nake rubutawa. Abin da na fahimta kawai shi ne, kowa ya gaya wa yayana abin da zai same shi a can, habboba ita kaɗai ta nuna masa gurbin da zai bari a nan.

Azumin da ya biyo, na ga ya ɗauki siniyya zai fita, takalmin nan a ƙafarsa, duk baƙin mai. Habboba ta bi shi da ido ta ce, "A hankali, kada miyar ta zube."