Yaya Nuhu Bai Ci Tseren Titiwangsa Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Nuhu, mijin yayata Zainab, wanda ya ɗauko ni daga Zariya zuwa Kuala Lumpur domin karatu. Allah ya jiƙansa. Na ɗauki alƙalami ne saboda wani labari da ake bayarwa a kansa, wanda ba haka ya faru ba.

Akwai tseren da Japanawa suke kira ekiden, ana yin irinsa a nan. Ƙungiya ce take gudu, kowa da zangonsa, da ƙyalle guda da ake ratayawa a kafaɗa. Wanda ya gama nasa zangon sai ya miƙa wa na gaba. Yaya Nuhu, yana tsakiyar digirinsa na uku, shi ya tara mu ɗaliban Arewa muka shiga. Bayan rasuwarsa labarin ya yi ta girma a gidajenmu na unguwar Cheras, har aka kai ga cewa shi ya ɗauko mana kofi. Masu faɗa da ƙauna suke faɗa, shi ya sa na daɗe ban tanka ba.

Bana ƙungiyar ta nemi 'yarsa Hanifa, wadda ta zama budurwa, ta karɓi zango ɗaya. Ta ƙi. Na same ta a kicin tana yanka albasa, na tambayi dalili.

"Kawu, ba ni da sauri lah," in ji ta, da irin maganar 'yan garin nan. "A ce 'yar Nuhu ce ta zo ƙarshe?"

Ga abin da na gani da idona a wancan tseren, domin ni ne mai karɓar ƙyallen daga hannun Yaya Nuhu. Ba zan rantse da matsayinmu ba, amma na san an fara naɗe rumfuna kafin mu gama. A bakin tafkin Titiwangsa jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Wani mai kula da hanya ya tsaya da babur zai ɗauke shi. Ya yi godiya, ya ƙi hawa, domin hawan zai fitar da mu duka daga tseren. Da ɗingishi ya ƙaraso, rana ta take. Ya cire ƙyallen sharkaf da gumi, ya rataya mini, ya ce, "Malam Sani, ga amanarka. Ka yi haƙuri, na wanke maka shi a hanya."

Wannan na faɗa wa Hanifa. Sai ta tambaya ko mutane sun yi masa dariya. Na ce wasu sun yi, shi ma ya taya su.

Da yana raye, ina jin kofin da aka ƙaga masa zai ba shi dariya, amma ba zai ji daɗin ya zama abin da ya hana 'yarsa fita ba. Bai bar kofi ba. Ya bar ƙungiyar da har yau take taruwa, da mu da muka koyi cewa wanda yake jiranka a gaba yana da haƙƙi a kanka.

Hanifa ta karɓi zangon. Sharaɗinta ɗaya ne: ni zan tsaya a gaba in jira ta, kome daɗewarta.