Matar da Ke Rubuta Lokaci a Bayan Hannu

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa ɗakin taimakon gaggawa, kuma kafin ta ajiye jaka sai ta dubi agogon bango, ta dubi na hannunta. In sun saɓa, ko da minti biyu ne, za ta jawo kujera ta hau ta gyara na bangon da kanta, ga shekara sittin a kai, ga gwiwa mai ƙara. Masu shara sun gaji da roƙon ta bari su hau mata. Daga nan ta gwada abin awon jini, ta leƙa ko gadon turawa na nan inda ta bar shi jiya, ta zaro baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, daga aljihu ta ja layi a tafin hannunta don ta tabbata ba ta bushe ba. Shekara talatin da huɗu safiyarta ba ta sauya ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma bai kamata mace irin wannan ta fita ta ƙofar nan shiru ba.

Sunan da iyayenta suka raɗa mata yana nan a ƙirjin rigarta, amma ba mai karantawa. Daga likitoci har masu gadi, Sista Ƙarfe-Nawa suke ce mata, da farko a bayan ido, daga baya a gabanta, kuma tana amsawa. Ta samo sunan ne daga tambayarta. Duk wanda aka shigo da shi baki a karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, ko gani ya dushe masa farat ɗaya, ba ta fara tambayar sunansa. Cewa take, "Ƙarfe nawa?" In ta samu amsa, sai ta rubuta lokacin da manyan lambobi a bayan hannun majinyacin, domin takarda na ɓata a asibiti, fayil na maƙalewa a wani tebur, amma hannu yana tafiya tare da mai shi.

Sababbin ma'aikata kan ɗauka tsufa ne ya kawo mata wannan hali, har sai ta zaunar da su. Takan ce yawancin shanyewar ɓarin jiki toshewa ce. Gudan jini ya tokare wata jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kamar yadda tsumma ke toshe bututun ruwa, sai wurin da jijiyar ke shayarwa ya fara mutuwa, minti bayan minti. Hawan jini da ciwon suga da taba da kitse a jini su ne ke share wa gudan hanya, wani lokaci kuma zuciyar da bugunta ya rikice ce ke jefo shi. Akwai allurar da ke narkar da shi, amma tana da wa'adi, wajen awa huɗu da rabi daga lokacin da abin ya fara. In aka wuce haka, hatsarinta kan fi amfaninta. Shi ya sa kalmar da ta fi tsana a duniya ita ce "ɗazu", mu kuwa mutane ne masu ƙaunar ɗazu.

Cikin duk abin da aka shaida nata, labarin tela ne ma'aikatan ɗakin suka fi maimaitawa.

Wata Talata aka shigo da shi, ƙarfe biyu saura minti ashirin na rana. Wansa da mai shagon takalma, maƙwabcinsa a kasuwa, na tallafe da shi. Matarsa na biye da gorar ruwa, 'yarsa malamar makaranta na gaba tana buɗe hanya. Mai takalma ne ya tsince shi kife a kan keken ɗinki, kuma don tsabar kirki sai ya kai shi gida maimakon asibiti. A gida matar ta mulke masa hannu da man zafi, wan ya ce gajiya ce, a bar shi ya yi barci. Da 'yar ba ta dawo daga makaranta ta ga fuskar ubanta ba, da ana can ana jiran ya farka.

Sista ta durƙusa a gabansa. "Sannu, Baba. Yi mini murmushi." Gefen hagu na bakin ya ɗaga, na dama ya ƙi. "Ɗaga hannuwanka duka biyu." Na dama ya taso kaɗan ya faɗo a cinya. "Mece ce sana'arka?" Ya buɗe baki, wani gurnani ya fito, idanunsa suka cika da tsoro. Mutum ne da wannan hannun na dama ya ciyar da gida shekara arba'in, ya biya wa 'ya karatu, kuma ya san abin da yake gani.

Matar ta kai gora bakinsa, Sista ta riƙe ta. "Kar ki ba shi, 'yar'uwa. Haɗiya ma tana iya gagararsa, ruwan ya wuce huhu." Ta juya ga mazan. "Ƙarfe nawa abin ya same shi?"

"Ɗazu ne," in ji wan.

"Malam, ɗazu ba ya jikin agogona."

Mai takalma ya ce, "Wajen sha biyu na leƙa mu gaisa, na tarar da shi haka."

"Wannan lokacin da ka tsince shi ne. Ni ina so in san yaushe rabon da wani ya gan shi lafiyarsa lau."

Aka dubi juna. Matar ta ce, "Ƙarfe bakwai ya fita daga gida, lafiyarsa ƙalau, har da tsokanata."

Likitan da ke aiki ranar ya ƙirga a yatsa. Daga bakwai zuwa yanzu kusan awa bakwai ke nan. Ya rage murya ya ce, "Sista, lokaci ya ƙure." Kuma bai yi kuskure ba. Ƙa'ida ita ce a ƙirga daga ganin ƙarshe da aka yi wa mutum yana lafiya, ba daga sa'ad da aka tsince shi ba, don allurar nan in aka ba da ita a makare tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa ta kashe mutum. Aikin Sista na ranar ma saura minti kaɗan ya ƙare. Da ta rubuta bakwai a hannun ta ɗauki jakarta, ba mai ganin laifinta.

Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta san teloli, ta sha jiran ɗinki kamar kowa. Yaya za a yi tela ya buɗe shago tun safe har sha biyu ba wanda ya dame shi? Ta ce, "Tela ba ya wuni ba a neme shi ba. Ina wayarsa?"

'Yar ta laluba aljihun uban ta ciro. Wayar a kulle take, kuma da babban yatsansa na dama take buɗewa, yatsan da a lokacin ko motsi ba ya yi. Sista ta ɗauki hannun ta ɗora yatsan, wayar ta ƙi, saboda man zafin da aka mulka. Ta sa auduga ta goge yatsan tas, ta sake dannawa. Ta buɗe. 'Yar ta shiga saƙonni, ta tarar da saƙon murya da ya aika wa wata mai ɗinki da ƙarfe sha ɗaya da minti biyar. Ta kunna, sai ga muryar tela ta cika ɗakin, tar da ita, har da ɗan faɗa:

"Hajiya, na gaya miki yadi uku ba zai fitar da wannan ɗinkin ba. Ni tela ne, ba masaƙi ba. Ki aiko da ƙari in kina son kayanki ran Asabar."

Matar tela ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa mai muryar yana kwance yana jin kansa, hawaye na gangarowa. Sista ba ta tsaya kallon kowa ba. Ta zaro maka ta rubuta 11:05 a bayan hannunsa na dama, ta nuna wa likita. "Muna da har zuwa uku da minti talatin da biyar."

Da kanta ta tura gadon zuwa ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, ba ta jira mai turawa ba. Hoton wajibi ne, domin toshewar jijiya da fashewarta alamominsu ɗaya ne, amma maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Dalilin ke nan da take hana mutane ɗura wa majinyaci asfirin a gida don maƙwabci ya ce yana tsinka jini. Hoto ya nuna babu zubar jini. Sai kuma wata ta taso: jininsa ya hau ƙwarai, dole a sauko da shi kafin a yi allurar. Ta zauna a gefensa, ido ɗaya a kan awon jini, ɗaya a kan agogon da ta gyara da safe.

A nan ne matar ta matso ta faɗi abin da ke cin ta. Wata uku ke nan da ya daina shan maganin hawan jini, wai ya ji sauƙi. Makon jiya kuma almakashi ya suɓuce masa, hannun ya mutu kamar na minti goma ya dawo, suka yi dariya. Sista ba ta yi mata faɗa ba, ko da yake ta iya faɗa. Ta ce, "Wancan gargaɗi ne aka aiko muku, 'yar'uwa. Yanzu dai riƙe masa ɗaya hannun." Ƙarfe uku da minti goma sha biyu jinin ya sauko, aka fara allurar. Ba ta tafi gida ba. Duk bayan kwatan awa sai ta auna shi, ta ce ya matse mata yatsu, ya kasa. Wajen ƙarfe biyar yatsansa manuni na dama ya ɗan karci bargo. 'Yar ce ta fara gani, kuma kukan da ta riƙe tun rana sai a lokacin ya ƙwace mata.

Kada a ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Da yawa an kawo su bayan kwana biyu, bayan an gama shafe-shafe da jiran su farka. Waɗannan ma takan rubuta musu lokacinsu, sannan ta koya wa 'yan'uwa yadda ake juya mutum kada ya yi gyambon kwanciya, da yadda ake ba shi abinci a zaune. Sau ɗaya tak ta taɓa gaya wa wata abokiyar aikinta dalilin duk wannan. Shekararta ta farko a aiki, mahaifiyarta ta tashi wata safiya baki a ɗan karkace, magana na sarƙewa. Ita, sabuwar nas mai sabuwar farar riga, ta ce, "Gajiya ce, Inna, ki kwanta ki huta." Ta tafi aiki. Tsohuwar ta rayu shekara tara bayan nan ba ta ƙara kiran sunan 'yarta ba. Likitoci sun sha gaya mata cewa a wancan zamanin ko an kawo ta da wuri babu allurar da za a yi mata. Ta ji, amma ba ta taɓa yafe wa kanta wannan kalma ta "huta" ba.

Sista, ke ce kika ɗauki ciwon da wata za ta ɓoye har kabari, kika mai da shi aikin yi. Ke ce ba ki taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, hotonki bai taɓa hawa bango ba, amma akwai gidajen da uba ke kiran 'ya'yansa da sunayensu yau saboda kin ƙi karɓar "ɗazu". An ce kina da naci, an ce kin cika tambaya. Gaskiya ne, kuma Allah Ya ƙara mana masu naci irinki.

Tela ya yi wata shida yana zuwa wurin masu gashin ƙashi, yana koyon ɗaukar maɓalli daga faranti, yana koyon furta kalmomin da suka guje masa. Har yau ƙafar dama na ɗan ja, kuma in ya gaji magana na yi masa nauyi. Makon jiya da ya ji labarin ritaya, ya zo da matarsa da ƙunshi a hammata. Riga ce ya ɗinka mata, bai auna ta ba, da ido ya ƙiyasta. Ya ce, a hankali, yana zaɓen kalmomi, "Sista, ki yi haƙuri. Ɗinkin wuyan ya ɗan kauce. Hannun bai gama dawowa ba."

Ta warware rigar ta bi ɗinkin wuyan da yatsa. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin idonta ya kawo ruwa ba sai ranar. Sannan ta kamo hannunsa na dama ta juya bayansa, inda tawada ta goge tun tuni.

"Ka sha maganinka yau, Baba?"

"Na sha."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai da minti goma," in ji shi, bai ko yi tunani ba.

Mun gode, Sista. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan Inna, Ya ba gwiwar nan hutu. Mu kuma da za a bar wa ɗakin, da ku da ke karanta wannan a gida, abin da za mu iya gada daga gare ta ba shi da wuya. Ranar da bakin wani naku ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin minti goma, kada a shafa mai, kada a ba da ruwa, kada a ce ya kwanta ya huta. A dubi agogo, a riƙe lokacin, a nufi asibiti. Daga wata mai zuwa ba za ku tarar da ita a bakin ƙofa ba, don haka ku zo da amsar tambayarta a hannu.