Bidiyon Suna da Akwatin Intanet Ya Riƙe

Ku matso kusa ku ji, don maganar nan ban cika yin ta da ƙarfi ba. Ko da tsufa zai sa in manta inda na ajiye carbina, ba zan taɓa manta kwana biyun da suka biyo bayan sunan 'yata ba.

Ni a New Bell ta birnin Duwala aka haife ni, nan unguwar Hausawa, nan kuma aka yi mini aure. Ni ba mai fita ba ce, ko kasuwa sai dole. Ku ba ni tabarma da abokin hira, kun gama mini komai. Bayan rasuwar Baba, Inna ta koma Garwa wajen Yayana, ta ce danshin Duwala ya gama cinye mata gwiwoyi. Tun daga lokacin waya ta zama ƙofar ɗakinta. Ni aji uku na yi a boko, ita ko ɗaya, don haka saƙon murya muke yi ta wayar Yaya. Da safe in gaishe ta, da rana ta tambayi me na dafa, ta kushe miyar da ba ta ɗanɗana ba.

Gidajenmu a cunkushe suke, kwano kan kwano, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗakina sai an miƙa hannu ta taga. Shi ya sa maigida ya sa aka jawo mana waya, aka kafa wani farin akwatin intanet mai ƙaho biyu a kan kabad. Shekara biyu bai taɓa ba mu kunya ba.

Inna tana da wata tsokana da ba ta gajiya da ita. Jikokinta mata suna da yawa, amma babu mai sunanta. Takan ce, "An sa wa uwar miji, an sa wa goggo, an sa wa matar liman. Ni da na sha wahalarku, ko kaza ba a sa wa sunana ba." In muka ce mata saura ƙiris, sai ta ce, "Ku rabu da ni. Ko kun sa ba zan yarda ba, sai na ji da kunnena daga bakin liman."

'Ya'yana uku na farko duk maza ne. Da Allah ya ba ni mace, tun a gadon asibiti na ce wa maigida, "Malam, wannan ta Inna ce." Ya ce ai ko ban faɗa ba. Sai na ɗaura niyyar a ɗauki raɗin sunan a wayata, daga zaman maza har fatiha, in aika mata ta ji da kunnen nata. Na gargaɗi kowa, kada wanda ya kuskura ya faɗa wa mutanen Garwa sunan kafin ni. A lokacin gani nake na shirya mata babbar kyauta.

Ana gobe suna wani saƙo ya fito a wayar maigida da Faransanci, wai akwatin yana son "mise à jour", wato a sabunta masa ƙwaƙwalwa. Ya danna ya wuce wajen sayen rago. Na ga fitilun akwatin sun ɗauke, sun dawo, sun yi ta ƙiftawa, sannan suka tsaya. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar Alhamis aka yi suna. Gida ya cika, ga kifi daga kasuwar Youpwé, ga masa, ga guɗa. Bidiyon ya yi kyau ƙwarai. Ana jin muryar liman rangadau yana kiran sunan da ni ban taɓa iya furtawa ba don kunya. Da baƙi suka ɗan ragu bayan azahar, na zauna na danna aikawa. Wata 'yar da'ira ta fito a kansa tana juyawa. Na ajiye wayar na shayar da jaririya, na dawo, da'irar ko kwata ba ta yi ba. La'asar ta yi, tana nan. Can sai ta tsinke, ta ce in sake.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, komai yana shigowa. Hotunan barka suna zubowa, yara suna kallon wasanninsu ba tangarɗa. Abin da zai fita ne kawai ya ƙi. Na gwada kiran bidiyo zuwa wayar Yaya, ina ganinsa sarai, shi kuwa yana ta cewa, "Auta, ba na jin ki, fuskarki ta daskare." Da ya ɗan ji ni, na tambayi Inna, ya ce tana barci.

Ranar Juma'a babu abin da ban yi wa akwatin nan ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na sauke shi daga kabad na kai bakin taga. Na juya ƙahonsa gabas, na juya arewa, wai ko ya fuskanci Garwa. Na goge shi da zane, na hura ramukansa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce to ruwan ne, ruwa ya ɗauke, da'ira ba ta motsa ba.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ke mini wankan jego. Ta tsaya a kaina da bokitin ganye ta ce, "Ke 'yar nan, ki kira uwarki a waya kurum ki faɗa mata. Magana ɗaya ce."

Na ce, "Haba Goggo, ki ɓata mini shiri? Ita ta ce sai daga bakin liman."

"Bakin naki ba baki ba ne?"

"Gobe zai tafi, in sha Allahu."

Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta ƙara magana, sai ta ɗauki bokitinta ta ce ruwa zai huce. Maigida ma ya ce in ba shi wayar ya tafi da ita shago, can rezo yana da ƙarfi. Na hana, na ce 'yan barka suna kira, kuma ina so in kasance riƙe da wayar lokacin da Inna za ta rangaɗa guɗa. Ya ɗan yi tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "To, bari in nemo mai gyara."

A yinin nan saƙon muryar Inna ya shigo, tsaf, ba tsinkewa. Muryar ta yi ƙasa, na ce a raina daga barci ta tashi. Ta ce, "Auta, an ce kin aiko mini abu yana hanya. To har yanzu bai iso ba, ko a ƙafa yake tahowa? Ko ma wa aka sa, Allah ya raya mini ita, ya sa ta fi uwarta rufe baki." Na yi dariya har Goggo ta leƙo. Na mayar mata da gajeren saƙo, shi ma sai da ya jima kafin ya fita. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri zuwa gobe, za ki ji abin mamaki." Wannan ce magana ta ƙarshe da na yi wa mahaifiyata.

Mai gyaran daga unguwar Logbaba yake, bai iso ba sai Asabar wajen sha ɗaya, a kan babur, rigarsa jiƙe. Ya gaishe ni da "Mami, ashia," ya yi mini wannan sannun tasu ta Pijin, ya buɗe kwamfutarsa a kan kujera. Ya auna gudun intanet ɗin da wani abu mai allura biyu kamar na mota. Ta farko ta tashi sama, ta biyu ta ɗan girgiza ta kwanta. Ya yi dariya, ya yi mini bayani da Faransanci haɗe da Pijin. Ya ce intanet hanya biyu ce, ta shigowa da ta fita. Sabuntawar nan ta kunna wani ma'auni a cikin akwatin da ke taƙaita abin da ke fita, ta mai da hanyar kamar lungunmu da ko amalanke ba ta wucewa. Ba ruwa ba ne, ba ƙura ba ce, ba kuma ƙaho ba. Ya danna nan, ya danna can, ya kashe ma'aunin. Ko shayin da Goggo ta kawo masa bai huce ba.

Ya ce, "Essayez, Mami," wato in gwada.

Na danna. Da'irar da ta kwana biyu tana wasa da ni ta cika a gaban idona kamar ana zuba ruwa a kofi. Alama biyu suka fito, ya isa. Na rungume jaririya na ce mata, "Yau za ki ji kakarki ta rasa bakin magana." Na zauna da waya a cinya ina jira.

Maigida ne ya shigo, shi da ba ya dawowa sai bayan la'asar. Bai dube ni ba, Goggo ya duba. Ita kuma ta zo ta karɓi jaririyar daga hannuna a hankali, ta zauna kusa da ni ta riƙe mini kafaɗa. Tun kafin wani ya yi magana na gane.

Da hantsi Inna ta cika. Ashe tun kafin in haihu take kwance, kuma ranar suna jikin ya tsananta. Yaya ya faɗa wa Goggo da maigida, suka haɗa baki kada a gaya mini, domin a wajenmu ba a kai wa mai jego labarin tashin hankali, ana tsoron nononta ya ɗauke ko jini ya ɓalle mata. Daga baya Yaya ya ce mini yana tsaye a maƙabarta, ana zuba ƙasa, ya ji waya ta motsa a aljihunsa. Sai da suka koma gida ya buɗe, muryar liman ta cika zauren makoki tana kiran sunan Inna. Ya ce har dattawa sai da suka sunkuyar da kai.

Na daɗe ina jin haushin akwatin nan, har na sa aka fitar da shi daga ɗakina. Na ji haushin Goggo da Yaya, na yi wata ban yi musu hira ba, ni da ba na iya shiru. Amma da na nutsu sai na ga sun ɓoye mini nasu don suna sona, ni ma na ɓoye wa Inna nawa don ina sonta. Akwatin ya toshe hanya ɗaya ce kawai. Waya tana hannuna, taga tana nan, kira ɗaya ya isa in ce, "Inna, an yi miki takwara." Ni na ƙi, don ina so maganar ta je da kwalliya.

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta. Inna ƙarama muke kiranta, kuma addu'ar kakarta ba ta kama ta ba, ta fi ni surutu. Wani lokaci nakan kunna mata saƙon nan ta ji muryar mai sunanta, ta tambaye ni, "Mama, abin ya iso mata?" Sai in ce mata Allah ya isar.

Abin da na koya shi ne, in kana da maganar da za ta faranta ran wani, ka faɗe ta yau da bakinka, ko ba ta yi ado ba. Tun daga ranar ban ƙara cewa "gobe za ki ji" ba. Kai da ke jin wannan, wace magana mai daɗi kake riƙe wa mahaifiyarka ko mahaifinka, kuma me kake jira?