Mai Ɗinke Takalman Matafiya

"Ƙanena ne fa, ciki ɗaya!" Mai gyaran takalmin bakin tasha ke ɗaga murya, basilla maƙale a kunne, ya kasa zama.

Ƙanen nasa da abokinsa sun yi wata biyu suna tafiyar ƙasa, suna ɗaukar kansu fim. Sau uku suna aiko takalmansu a mota, ya ɗinke ya mayar. Yau za a ji ko silima za ta nuna fim ɗin.

Ya miƙa wa wata mata takalmi, madauri na reto.

"Malam, na ƙanenka kaɗai ka iya?"

Waya ta yi ƙara.

"Yaya, sun karɓa! Har sunanka zai fito."

"To a rubuta da manyan baƙaƙe, yadda zan iya karantawa!"